Ƙugi da Shuuu Wajen Juye Tsoffin Fayafayan Garmaho: Daga Ina Suke Shigowa?

Tambaya

Assalamu alaikum malamai. Ni mazaunin Mabera ne a nan Sakkwato. Mahaifina, Allah ya jiƙan shi, ya bar mana fayafayan garmaho sun fi sittin, yawancinsu kiɗan fada ne da na noma. Akwai manya masu gudun juyi 33 a minti, akwai ƙanana masu 45, sai guda tara masu nauyi da aka rubuta 78 a jikinsu. Ina son in juye su cikin kwamfuta tun ba su lalace ba. Na samu garmahon lantarki na gwanjo mai wayoyi biyu, ja da fara, da wata siririyar waya mai baki kamar cokali mai yatsu wadda ban san inda ake sa ta ba. Na aro intafes, wato akwatin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai ƙofa biyu irin na 'yan situdiyo, na sa adafta na haɗa garmahon da shi kai tsaye. Sai na murɗa GAIN, wato maɓallin ƙara ƙarfin sauti, kusan ƙarshe kafin in ji waƙa, kuma siririya take fitowa babu nauyin ganga, ga shuuu, ga ƙugi a ƙasa. In na sa cajar laftof wani tsiii ya taso, in an tada janareto abin ya ƙaru. Mi ka kawo wanga abu? Intafes ɗin ne ya lalace in nemi wani?

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa, kai kuma ya saka maka da alheri da ka tuna da wannan amana. Kada ka kashe kuɗi a kan wani intafes tukuna. Daga bayaninka, da wuya laifin ya zama nasa. Ƙara huɗu ka lissafa, kowace da ƙofar da take shigowa, kuma mafi girmansu ta samo asali ne daga wata na'ura da ta kamata ta zauna tsakanin garmaho da intafes, amma babu ita a haɗin da ka yi.

Kan allurar garmaho, wato ɗan akwatin nan da allura take maƙale a ƙarƙashinsa, wutar da yake fitarwa ba ta taka kara ta karya ba. Irin wanda aka fi samu, mai maganaɗisu da ake rubuta wa MM, yana bayar da milibolt 3 zuwa 5 ne kawai (milibolt dubu ne ke yin bolt ɗaya). Ƙofar LINE ta intafes kuwa tana jiran abin da ya kai milibolt 300 ko fiye. Tazarar ta kusa ninki tamanin. Da ka murɗa GAIN ƙarshe don cike wannan giɓi, ka ɗaga waƙar tare da hayaniyar kayan cikin intafes ɗin kansa, shi ne shuuu ɗin da kake ji. Ko wane intafes ka kawo, in ka yi masa haka, zai yi kuka.

Siririn sautin kuma da gangan aka yi shi tun wajen yanka faifan. Sautin ƙasa, irin na tambari, yana bukatar faffaɗan layi a jikin faifai, don haka kamfanoni suke rage shi kafin su yanka, su ɗaga sautin sama don ya rinjayi ƙarar gogayyar allura. A 1954 aka tsayar da ma'auni guda na wannan ragi da ƙari, ana kiransa RIAA. Wajen saurare dole a juya lissafin: a ɗaga can ƙasa da kusan desibel 20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), a sauke can sama da kusan 20. Na'urar da ke yin ayyukan nan biyu, ɗaga ƙarfi da juya lissafi, ita ce ƙaramin amfilifayan garmaho da ma'aikata ke kira firiyam, za ka ga an rubuta PHONO a ƙofar shigarsa. Yana ƙara wajen desibel 35 zuwa 40, kuma yana ba kan allura nauyin kilo-om 47 da aka ƙera shi don ya gani (om shi ne ma'aunin yadda hanya ke tare wuta). Ƙofar makirufo ta intafes kilo-om 2 ko 3 ce, tana shaƙe kan allura har sautin sama ya mutu.

Kafin ka fita nema, leƙa bayan garmahon da ƙarƙashin farantinsa. Wasu suna da ɗan makunni mai PHONO a gefe guda, LINE a ɗaya gefen. In akwai, firiyam yana ciki, mayar da shi LINE ka huta. In babu, kuma siririyar wayar nan tana nuna mai yiwuwa babu, to ka nemi ƙaramin firiyam irin Behringer PP400 ko ART DJ Pre II, ko kuma tsohon amfilifayan gida mai ƙofar PHONO, ka ɗauki sauti daga ƙofofinsa da aka rubuta REC OUT ko TAPE OUT. Irin waɗannan tsoffin amfilifayoyi suna nan jibge a shagunan masu gyaran rediyo, kuma da yawansu suna yin aikin da kyau. Abin kiyayewa guda: kada a bi ta firiyam sau biyu. In garmaho yana kan LINE ka kuma sa shi a ƙofar PHONO, sautin zai kumbura ya fashe, ganga ta danne murya.

Daga firiyam zuwa intafes, nemi wayoyi biyu masu kan RCA, irin na wayoyin garmaho ja da fara, a baki ɗaya, babban jak na inci kwata mai zobe baƙi guda a ɗaya bakin. Hagu a ƙofa ta 1, dama a ƙofa ta 2. Madannin INST, wato na jita, a kashe, madannin 48V a kashe, kuma wannan na biyun ka duba shi kullum kafin ka haɗa komai, don wutar makirufo ce, in ta bi adaftar XLR, wato ta ƙofar makirufo, ta koma baya tana iya ƙona firiyam ko kan allura. Maɓallan GAIN biyu su tsaya daidai da juna, galibi ƙasa da rabi. In intafes ɗin irin mai ƙofar makirufo guda da ƙofar jita guda ne, ba zai ba ka hagu da dama masu kama da juna ba, a nan ne kawai muke cewa a nemi wani.

Akwai garmaho masu araha da kan allurarsu na siramik ne. Su ƙarfinsu yana kai ɗaruruwan milibolt, ba sa son firiyam, sun fi dacewa da ƙofar INST mai nauyin mega-om 1. Amma suna danna faifai da nauyi, kuma ba ma ba da shawarar a ɗora fayafayan gado a kansu. Yadda ka ce sai da ka murɗa GAIN ƙarshe, da alama naka MM ne.

Yanzu siririyar wayar. Ita ce wayar atin ta garmaho, wato mai sauke ɓatacciyar wuta ƙasa, tana haɗe da ƙarfen hannun da ke ɗauke da allura da gangar jikin na'urar. A bayan firiyam ko amfilifaya akwai ɗan noti da aka rubuta GND, a nan ake kwance shi a zura cokalin a ɗaure tam. In ta zauna tana reto, ƙarfen hannun ya zama eriya, yana tsinto wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz. Abin da ya sa wannan ya fi damun garmaho fiye da kaset shi ne lissafin RIAA ɗin can: a daidai 50 Hz firiyam yana ƙara kusan desibel 17, wato ninki bakwai a kan abin da yake yi wa tsakiyar sauti. Don haka kada ka yi mamaki in ka kawo firiyam, shuuu ya tafi, amma ƙugi ya ƙaru. Ɗaura wayar, ka kankare bakin cokalin da 'yar samfefa in ya yi tsatsa. A mafi yawan gidaje nan maganar ƙugi take ƙarewa.

In bai ƙare ba, kada ka shiga canje-canje barkatai. A bi layin daga ƙarshe a dawo farko, abu ɗaya a lokaci ɗaya, da abin saurare a kunne, lasifika a kashe. Buɗe Audacity, manhajar ɗaukar sauti ce ta kyauta, ka riƙa ɗaukar daƙiƙa ashirin a kowane mataki kana sa wa kowane suna.

Fara da laftof a kan batir, intafes a haɗe, babu komai a ƙofofinsa, GAIN a inda za ka yi aiki da shi. Ya kamata ka ji shiru, ko ɗan shuuu can nesa. Sai ka soka caja. In tsiii ya taso a nan, musamman in yana canza murya idan ka motsa linzami ko ka buɗe wani fayil, ka kama ɓarawo na farko. Cajar laftof tana sara wuta dubban sau a daƙiƙa, dattin wannan saran yana bin atin ɗin wayar USB ya shiga intafes. Cajoji marasa inganci da masu ƙafa biyu sun fi yin haka, su ne kuma ke sa ka ji ɗan jan wuta a jikin laftof mai ƙarfe. Maganin da ya fi kowane sauƙi shi ne a cire caja lokacin ɗauka. Fuska ɗaya ta babban faifai minti 20 zuwa 25 ce, batir mai matsakaicin lafiya zai ɗauki fuska biyu ko uku, ka yi caji lokacin da kake wanke na gaba. Cire kuma duk abin da ke jikin laftof ɗin mai nasa fulogi, kamar firinta ko babban allo, don kowane ɗayansu hanya ce ta dawo da dattin.

Daga nan haɗa firiyam da intafes, garmaho a cire. Ƙofar PHONO in tana buɗe tana tsinto ƙara da kanta, saboda haka samo tsoffin kawunan RCA biyu, mai gyaran rediyo ya haɗa tsinken tsakiya da zoben waje da dalma, ka toshe ƙofofin da su. In ƙugi ya bayyana a wannan mataki, to daga firiyam ne ko adaftar wutarsa ko wayoyin da ke zuwa intafes. Ɗauki firiyam ɗin a hannu ka matsar da shi, ka juya shi. Ƙugin da ke raguwa ko ƙaruwa da motsi, maganaɗisun wata taransfoma ne ke ratsa shi: sitabilaiza, inbata, adaftarsa ta kansa, ko amfilifayan da aka ɗora shi a kai. Tazarar mita ɗaya tana kashe mafi yawansa. Mutane da yawa suna jera kayan a kan sitabilaiza don wuri ya yi kyau, alhali ita ce mafi girman taransfoma a ɗakin.

Sai a haɗa garmaho, motarsa a kashe, hannu a kan matokarinsa. Taɓa notin GND da yatsa, sannan taɓa ƙarfen hannun. In ƙugi ya faɗi da ka taɓa, akwai inda atin ya yanke. In ƙugin a kunne ɗaya yake, musanya ja da fara a bayan firiyam: ya koma ɗaya kunnen, laifin yana garmaho, ya tsaya inda yake, laifin yana gaba. A bayan kan allura akwai ƙananan wayoyi huɗu kamar zare: fara da shuɗiya na hagu ne, ja da koriya na dama. Shuɗiya da koriya su ne na atin, in ɗaya ta saki ko ta yi tsatsa, ɓangarenta zai yi ƙugi mai ƙarfi. Da ɗan hantsaki ake matse su, a hankali, don suna tsinkewa da wuri. In hannun irin mai kwancewa ne, kwance wuyan ka goge tsinkaye huɗun da ke ciki da auduga da ɗan sifirit, ƙurar hunturu tana taruwa a wurin ta zama kamar laka. Mai gyaran da ke da mitar auna wuta zai iya tabbatarwa cikin minti biyu: a cire RCA daga firiyam, a auna tsakanin tsinke da zobe. Kan allura na MM yakan nuna daga om 400 zuwa wajen 1,500, kuma hagu da dama su zo kusa da juna. Ɗaya ya nuna babu hanya, waya ta yanke. Daga cokalin atin zuwa notin jikin hannu kuma ya kamata mita ta nuna kusan sifiri.

Mataki na ƙarshe, kunna mota, ɗaga hannu ka kai shi sama da faranti a hankali har kusa da tsakiya ba tare da allura ta sauka ba. Ƙugin da ke ƙaruwa yayin da kake matsowa, daga mota ne ko taransfomar cikin garmahon. Wannan ba a gyara shi da waya, sai dai a canza kan allura zuwa wanda ya fi kariya ko a canza garmahon.

Wayar da ke tsakanin garmaho da firiyam kada ta wuce mita ɗaya da 'yan kai. Doguwa tana tsinto ƙara, tana kuma canza sautin sama. In kana bukatar tsawo, ƙara shi bayan firiyam. Kada wayar sauti ta kwanta a jere da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna.

Akwai wani ƙugin da duk wayoyi suna lafiya amma yana nan, shi ne wanda ke tasowa idan na'urori biyu suka samu atin ta hanyoyi biyu daban, misali amfilifaya a soket ɗin wannan bango, kwamfutar tebur a na wancan. Ɗan bambancin wuta tsakanin sokets ɗin sai ya bi rigar wayar sauti yana zagaye. Tara duka kayan a kan ekstenshan guda mai kyau. In bai isa ba, akwai 'yar na'urar raba atin mai taransfoma biyu a ciki, ana sa ta tsakanin firiyam da intafes, ba tsakanin garmaho da firiyam ba. Masu araha suna ɗan rage sautin ƙasa, saboda haka ita ce zaɓin ƙarshe. Na'urar raba USB ma akwai, sai dai masu arahar suna tsayawa a gudun megabit 12, yawancin intafes na yanzu kuwa 480 suke so, in ka sa ba za su ma tashi ba. Abin da muke roƙonka kada ka yi shi ne karya ƙafar atin ta fulogi, ko wani ya ce maka ƙugi zai tafi. Yana iya tafiya, amma ranar da waya ta taɓa gangar jikin amfilifaya, ta jikin wanda ya taɓa shi wutar za ta bi. Gidaje da yawa ma ramin atin na soket ɗinsu babu waya a bayansa. Mai aikin wuta ya duba maka wannan don lafiyar iyali, ko da ƙugi ko babu.

Maganar janareto. Ƙaramin janareto sai injinsa ya riƙe juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 Hz, kuma ba ya riƙewa: firji ya tashi, ya nutse, ya dawo. Wutarsa tana da datti, fulogin injinsa kuma yana jefo tas-tas a sauti. Abin da ya fi ƙarar muni shi ne gudun faifai. Yawancin tsoffin garmaho masu bel ko 'yar taya, motarsu da kaɗawar wuta take auna gudunta, in janareto ya yi ƙasa waƙa ta yi ƙasa, murya tana lilo, kuma wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi daga baya. Tunda na gwanjo ne, karanta 'yar takardar da ke bayansa. In an rubuta 120V 60Hz, kayan Amurka ne, ko ka sa masa taransfomar rage wuta, irin wannan motar za ta juya faifan 33 a wajen 28. Masu rubutun Quartz a jiki ba ruwansu da wannan. Inbata kuma iri biyu ce: mai tsabtatacciyar wuta, da mai araha wadda wutarta ke hawa mataki-mataki. Ta biyun tana sa zzzz mai kaifi a komai, har mota da taransfoma ka ji suna kuka. Abin da muka fi so a Sakkwato, inda sola ta wadatu, shi ne inbata mai tsabta tana ja daga batir, a ajiye ta nesa da teburin aiki. In firiyam ɗinka 12V DC aka rubuta masa, kana iya ba shi wuta kai tsaye daga batir da ba ya kan caji, da ɗan fis a layi, bayan ka tabbatar da wace waya ce ta + wace ce ta -. Babu adaftar da ta kai batir shiru.

Kafin ka danna ɗauka, kashe fanka mai regileta, kashe ƙwayayen fitila masu araha da ke ɗakin, fitar da wayoyin salula ko a sa su yanayin jirgi. Dit-dit-dit ɗin nan da ke zuwa kafin kira ya shigo, firiyam yana kama shi daga nesa.

In kana son ido ya taya kunne, zaɓi ɗaukar da ka yi a Audacity, shiga Analyze ka danna Plot Spectrum, zai zana maka ƙarfin ƙara a kowane Hz. Tsini a 50 kaɗai ko da 150, atin ne ko maganaɗisun taransfoma. Tsini mafi tsawo a 100, adaftar wuta ce ko kafasitocin tsohon amfilifaya sun bushe, mai gyara zai canza su. Jerin tsinaye masu yawa har sama, inbata ce ko regileta ko fitila. Tsini a 217 da ninkinsa, wayar salula. Siririn layi a 1,000 ko 8,000, USB ne.

To yaushe za ka daina farauta? Daidaita GAIN ta yadda wurin da waƙa ta fi ƙarfi zai tsaya tsakanin -12 da -6 a mitar Audacity, a bar sarari don ƙas ɗin tabo yakan fi waƙar tsawo. Ɗauki daƙiƙa goma hannu a sama, sannan sauke allura a layin shiru na farkon faifai ka ɗauki wasu goma. In ƙarar hannu-a-sama ta yi ƙasa da ta layin shiru da desibel 10 ko fiye, kayanka sun fita daga zargi, abin da ya rage na faifan ne. Da kaya masu sauƙi ana samun wajen -65 zuwa -70 hannu a sama, kuma ya wadatar.

Ƙas-ƙas da tas-tas suna da gwaji mai sauƙi. Ɗauki wuri guda sau biyu ka jera su. Ƙarar da ta faɗo a daidai kalma guda duka biyun, a jikin faifai take. In tana dawowa duk daƙiƙa 1.8 a faifan 33, ko 1.3 a na 45, tabon karce ne allura ke tsallakawa a kowane zagaye. Wadda ta canza wuri kuwa, ko kwamfuta ce ke tuntuɓe, ko wutar gogayya ce. Ta kwamfuta takan zo da ɗan yankewar waƙa: kashe intanet, rufe sauran manhajoji, ɗaga bafa (Buffer), wato ma'ajiyar sauti ta ɗan lokaci, zuwa 512 ko 1024 a manhajar intafes, zaɓi WASAPI a matsayin hanyar shigar sauti a Audacity, ka tabbatar adadin ɗauka a daƙiƙa (Sample Rate) na Windows ya yi daidai da na Audacity, kuma tasha biyu ce, hagu da dama, ba ɗaya ba.

Wutar gogayya ita ce masifar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Sakkwato takan bushe ƙayau, ka zaro faifai daga rigarsa ka ji yana tsatsa, gashin hannunka ya miƙe, ƙura ta taso ta manne masa kana kallo. Wanki da ruwa yana sauke wannan wuta, yana kuma fitar da ƙasar da ta shekara arba'in a cikin layi. Nemi tataccen ruwa, irin farin ruwan da ake ƙara wa batir, ka tabbatar wa mai shago ba mai asid kake nufi ba. Ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke a rabin lita ya isa. Da burushi mai laushi ka bi layin a zagaye, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ɗauraye da tataccen ruwa zalla, jingina shi a tsaye a inuwa cikin ɗaki rufe har ya bushe sarai. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri a layi, ƙarar ta fi ta da. Rataya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin aiki, ka yi ɗaukar da sassafe, in kuma ba gaggawa, damina ta fi kowane lokaci daɗin wannan aiki. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, kada faifai ya kwana a mota ko kusa da kwanon rufi, kuma a tsaye ake jera su, ba a kife wani kan wani ba.

Allurar da ta zo da garmahon gwanjo, ɗauke ta a matsayin ta ƙare. Allura takan yi awa 300 zuwa 500, wadda ta cinye kuma tana sa murya ta yi tsatsa a wurare masu ƙarfi, tana kuma sassaƙe layin har abada. Sa sabuwa, ka daidaita nauyinta da ɗan sikelin dijital bisa abin da kamfaninta ya ce, misali Audio-Technica AT-VM95E giram 2 take so. Rage nauyi don tausayin faifai kuskure ne, allura mara nauyi tana tsalle a cikin layi tana dukan bangonsa.

Fayafayan nan tara masu 78 ka ware su gefe, hukuncinsu daban ne. Da shalak, wani irin ƙaro, aka yi su, suna fashewa kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da su, ko ɗigo kada ya taɓa su. Layinsu ya fi faɗi, suna son allura mai kaurin baki wajen maikuron 65 zuwa 75 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), ta sauran fayafayan kuwa wajen 18 ce. In ka sa siririyar, za ta nutse har gindin layi tana sharar datti, ka ji shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, ka ɗauka intafes ne. Ana sayar da allurar 78 daban, a kan allura irin na VM95 zare waccan kawai ake yi a sa wannan, a ƙara nauyi zuwa wajen giram 5. Da yawansu an yanka su kafin ma'aunin RIAA ya game ko'ina, kowane kamfani da nasa lissafin, saboda haka in sun fito da nauyin ƙasa da yawa da dushewar sama, ba lalacewa ba ce, ana daidaitawa a kwamfuta. In kuma ka ci karo da faifan da fatarsa ke ɓarewa ana ganin ƙarfe a ciki, irin wanda gidajen rediyo ke yankawa guda ɗaya tak, kada ka wanke shi, kada ka ɗora masa allura, sai an samu masanin adana sauti.

Duk na 78 da yawancin tsoffin 45 sautin tasha ɗaya ne. Ɗauke su da tasha biyu duk da haka, daga baya ka haɗe hagu da dama. Waƙar iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu sai ta ƙarfafa, gurnanin mota da wani kaso na ƙas-ƙas kuwa saɓanin juna suke sai su ragu. Wani lokaci bango ɗaya na layin ya fi ɗaya cinyewa, sai ka zaɓi mai lafiyar kaɗai.

Ɗauki komai a nau'in fayil na WAV, bit 24, a adadin ɗauka 48,000 ko 96,000 a daƙiƙa, wanda shi ne abin da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ke ba da shawara. A 96,000 minti ɗaya yana cin wajen megabait 35, fuska ɗaya ta babban faifai ta kusa 800. Wannan ɗanyen fayil kada ka taɓa shi, ajiye shi wuri biyu, ɗaya a wani gida daban, ka ɗauki hoton takardar tsakiyar faifan gaba da baya ka haɗa da shi. A kan kwafi ake gyara. Yanke abin da ke ƙasa da 20 Hz ba ya cutar da komai. Manyan ƙas a cire su ɗaya-ɗaya da Repair na Audacity. Noise Reduction, mai rage shuuu, kuwa kada ya wuce desibel 6 zuwa 9, fiye da haka amon kotso yana yankewa kafin ya gama sauka, muryoyin 'yan amshi su koma kamar daga cikin tulu. Ƙugin da aka bari ya shiga ɗauka ana iya rage shi da matatar Notch Filter a 50, amma 'yan uwansa na 100 da 150 suna zaune ne a daidai inda muryar namiji da gindin ganga suke, duk abin da ka yanke a can ka yanki waƙar, in kuma a kan janareto aka ɗauka, ƙugin yana yawo sama da ƙasa, matatar ba za ta same shi wuri guda ba. Fara da faifai ɗaya wanda ba ka damu da shi sosai ba, ka bi matakan nan a kansa, in wani tsini ya ƙi tafiya turo mana hoton Plot Spectrum ɗin da sunan garmahon mu duba tare.